Tsohon Furosesan Malam Garbai

Kullum da safe, kafin Malam Garbai ya zauna a kujerarsa, sai ya ɗora tafin hannu a kan akwatin kwamfutarsa, ya danna makunni, ya karkata kai yana saurare. Akwai wani ɗan kuka guda ɗaya da take yi idan komai na cikinta lafiya, gajere kamar na ɗan tsako. Sai ya ji shi sannan yake janye hannun, ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya cire hula ya rataye a ƙusa. Ko baƙo ne ya shigo da sallama a daidai lokacin, sai ya jira. Maƙwabtansa na layin masu buga takardu a Mubi sun daɗe da daina yi masa dariya a kan haka.

A nan garin aka haife shi. Mahaifinsa, Goni Alkasim, daga Borno ya zo da fataucin kanwa da busasshen kifi, ya ga wuri ya zauna. Bai bar wa 'ya'yansa dukiya ba, amma ya bar musu wata ɗabi'a da ba su taɓa karyawa ba. A gidan Goni, idan sabon abu ya shigo, tsohonsa ba ya kwana. Sabuwar riga ta zo, tsohuwar ta fita sadaka kafin kiran magariba. Haka takalmi, haka tabarma, haka buta. Goni yakan ce wanda Allah ya sabunta wa, bai kamata ya danne rabon wani a ƙarƙashin gado ba. Garbai ya tashi da wannan, ya yi aure da shi, har matarsa Yagana ta saba. Ranar da ya sayo mata sabuwar tukunya, ita da kanta take wanke tsohuwar ta ajiye a bakin ƙofa.

Da tafireta ya fara sana'a, a gindin wata bishiya kusa da kotu, yana rubuta wa mutane wasiƙu da ƙorafi. Da kwamfuta ta shigo gari ya koya, yana da furfura a gemu, yatsu biyu yake bugawa da su amma ba ya kuskure. Ta farkon da ya mallaka ba ta ga tsufa ba. Shekarar da aka watse daga Mubi, ya kulle shago ya bi duwatsu da iyalinsa kamar kowa. Da suka dawo ya tarar da tebur, ya tarar da ƙusar da yake rataye hula. Bai taɓa ba da labarin abin da ya wuce haka ba.

Bayan shekara uku Vandi ya haɗa masa wata. Vandi mai gyaran kwamfuta ne, mutumin Michika, shagonsa na ƙarshen layi. Kayan cikinta daban-daban ya tattaro, babban allon da komai ke zaune a kai, wanda masu gyara ke kira madabod, wani ɗalibi ne ya taho da shi daga Legas ya sayar. Ranar da ya kawo ta ya ce, "Baba, wannan ba irin na mutanen gari ba ne fa. Dangi nasa daban." Garbai ya ce shi ma danginsa daga nesa suka zo, kuma ga shi yana zaune lafiya. Suka yi dariya, maganar ta wuce.

Aiki ya yi ta raguwa a layin. Ɗalibai suka koma bugawa a waya, masu wasiƙa suka mutu ko suka sami jikoki masu karatu. Abin da ya riƙe ƙofar Garbai a buɗe shi ne makarantar marigayi Alhaji Tsoho da ke Wuro Patuji. Shekara goma sha tara shi ke buga musu tambayoyin jarrabawa da takardun sakamako, zango uku a shekara. Alhaji Tsoho ya zaɓe shi ne saboda abu ɗaya: bakinsa. An sha zuwa masa da goro, an sha zuwa da abin da ya fi goro, iyaye da yayyen yara, don su leƙa ko da layi ɗaya. Yakan ci gaba da bugawa, ya juya fuskar allon zuwa bango, ya tambayi baƙon lafiyar gida. Ba a taɓa jin tambaya ɗaya ta fita ta shagonsa ba. A garin, idan aka ce "Garbai na makaranta," an san wanda ake nufi.

Da Alhaji Tsoho ya rasu, 'yarsa Sumayyat ta karɓi makarantar. Tana ƙarama takan biyo mahaifinta shagon, ta zauna a benci tana kaɗa ƙafa, Garbai ya ba ta tarkacen takarda ta yi zane. Farkon daminar bara ta zo da kanta, ta gaishe shi har ƙasa, ta miƙa masa filash.

"Baba, mun canja tsari. Sabuwar manhaja ce, a cikinta za a riƙa buga tambayoyi da sakamako duka, iyaye su gani a waya."

Ya sa filash ɗin. Kwamfutar ta yi ta nishi, fankarta na kuka, can ta fito da rubutu cewa ba za ta iya ɗauka ba. Ya sake gwadawa. Sumayyat tana kallon agogon hannunta.

"Jarrabawa saura mako uku, Baba. Ni ba na son a ce na cire ka. Amma malamai suna ta yi mini maganar shagon Lawali, wai nasa injinan sababbi ne."

"Ba ni mako biyu, 'yar Alhaji."

"Na ba ka, Baba. Wallahi don kai ne."

Vandi ya zo da yamma ya buɗe akwatin, ya hure ƙura, ya haska da fitilar waya. Ya nuna masa wani ɗan murabba'in ƙarfe a ƙarƙashin fanka.

"Ka ga wannan? Furosesa ke nan, ƙwaƙwalwa na kwamfuta. Shi ne ya tsufa. Sauran kaya da sauƙi."

"Sai a sayi sabuwar kwamfuta ke nan?"

"A'a. Bod naka yana da kirki, zai ɗauki ƙaninsa. Gurbi ɗaya ne, ƙafafu ɗaya ne. Amma ba za ka samu a Mubi ba, ko Yola da wuya. Sai Kano."

Ya rubuta sunan wanda ake buƙata a bayan wata takarda. Garbai ya kira 'yarsa Zahra da ke aure a Kano, ya karanta mata harafi bayan harafi. Ta ce ya bar mata komai, kuma kada ya tambaye ta nawa ne. Bayan kwana biyar direban mota ya kawo ƙunshin, an naɗe shi cikin auduga a gwangwanin alewa.

Sai dai a jajiberin ranar an aiko wa Vandi cewa kawunsa ya rasu. Ya leƙo shagon da jaka a kafaɗa, ɗan acaɓa na jiransa a waje.

"Baba, in kaya ya zo, ka ajiye. Kada ka taɓa komai sai na dawo. Kwana uku."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce don me ba, Garbai kuma bai tambayi mai makoki dalili ba.

Kwana ukun suka zama biyar, domin ruwa ya yi ɓarna a hanya, wayar Vandi kuma ba ta shiga. Garbai yana ƙirga kwanakin Sumayyat a yatsu. Shekara bakwai yana kallon hannun Vandi a cikin akwatin nan, ya san inda kowane noti yake. Ranar Laraba da hantsi ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kwance fanka. Ya ɗaga ɗan marikin ƙarfen, tsohon furosesan ya fito ba gardama, cikinsa cike da ƙananan ƙafafu masu ruwan gwal. Ya ɗauko sabon, ya daidaita alamar kusurwa da ta gurbin kamar yadda ya sha gani. Ya zauna daram, kamar don nan aka ƙera shi. Ya shafa farin man da Zahra ta haɗo da shi, ya mayar da fanka, ya ɗaure. Aiki mai kyau ya yi, Vandi da kansa ya shaida haka daga baya.

Ya miƙa hannu zai kunna, aka ɗauke wuta. Ɗan janaretonsa kuwa tun makon jiya yake wurin gyara.

Ya zauna yana jira, tsohon furosesan na kan tebur a kan auduga. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, wuta ba ta dawo ba. Rana ta fara ja. Yana ta kallon abin nan, abin yana kallonsa. A lokacin ne Gabdo ya turo baronsa ta layin, yana kiran a kawo tsoffin ƙarafa da matattun rediyo. Gabdo mutumin Kolere ne, 'ya'ya bakwai gare shi, kowa ya san halin da yake ciki.

Garbai ya yafito shi. "Wannan yana da amfani a wurinku?"

Gabdo ya juya shi a tafin hannu, idonsa ya buɗe. "Malam, ai wannan shi ne nama. Nawa zan ba da?"

"Ba na sayarwa ba ne. Ka yi wa Goni addu'a."

Ya rufe shago da sauƙin zuciya, ya isa masallaci ana tada iƙama. A gida ya gaya wa Yagana cewa sabo ya shiga, tsoho ya fita. Ta ce Allah ya sa albarka, ta zuba masa tuwo.

Washegari wuta ta dawo da sassafe. Ya ɗora tafin hannu, ya danna, ya karkata kai. Fanka ta juya. Ƙaramar fitilar gaba ta kama. Ya jira. Hannunsa na kan akwatin har ƙarfen ya ɗumama, kukan bai zo ba, allo kuma baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna sau bakwai. Ranar bai cire hularsa ba.

Vandi ya iso da azahar, taɓo har gwiwa. Ya duba, ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

"Baba, ka zama injiniya! Ba komai, ba abin da ya lalace. Bod ne bai san shi ba tukuna."

"Bai san shi ba kamar yaya? Ga shi ya zauna daidai."

"Zama daban, sani daban. A cikin bod akwai ɗan littafi, bayos muke ce masa, sunayen furosesa duka da ya sani suna ciki. Lokacin da aka yi bod naka, ba a haifi wannan ba. Sai an ƙara masa suna a littafi. Ga shi ma na sauko da shi a filash tun kafin na tafi. Minti goma ne."

"To, sa masa."

"Ai sai kwamfuta ya tashi ake sa masa. Kuma da tsohon zai tashi. Mu mayar da tsohon, mu yi bayos, mu cire, mu sa sabo. Kawo shi."

Garbai bai motsa ba. Vandi ya duba tebur, ya duba gwangwanin alewa, ya ɗaga audugar.

"Baba, ina tsohon?"

"Na ba da shi."

"Ka ba wa wa?"

"Gabdo."

Vandi ya zauna a benci a hankali. Ya dubi furfurar Garbai. Can ya ce, "Ai na ce kada ka taɓa."

"Ka ce. Ba ka ce tsohon ne zai gabatar da sabon ba."

"Ban ce ba," in ji Vandi. "Wa zai yi tunani mutum zai yi sadaka da furosesa?"

Suka hau babur zuwa Kolere. Hanyar ta ci ruwa, rabin tafiyar a ƙafa suka yi, Garbai na riƙe da takalmansa a hannu. Suka sami Gabdo a bayan gidansa cikin tarin ƙarafa. Da ya ji abin da ya kawo su, ya shiga ɗaki ya fito da kwalba, a gindinta wani ɗan gari mai ƙyalli. Tun daren jiya ya kankare ƙafafun da wuƙa ya haɗa da na wasu, masu saye daga ƙetaren iyaka a haka suke so. Ya tono murabba'in ƙarfen daga cikin shara ya miƙa da hannu biyu, cikinsa sumul.

"Malam, wallahi ban sani ba. Na yi wa Goni addu'a kuwa, har da yara."

"Allah ya karɓa," in ji Garbai. Ya karɓi abin ya sa a aljihu, bai san me zai yi da shi ba.

Saura kwana huɗu. Vandi ya ce ba lallai sai wancan ba, kowane tsoho daga dangin zai yi, aro ma ya isa. Suka bi shagunan gyara ɗaya bayan ɗaya, suka shiga ofisoshin da suka san mutane, aka yi ta buɗe musu akwatuna. Duk na ɗaya dangin ne, masu gurbi daban, ko kusa ba za su shiga ba. A nan Garbai ya tuna maganar da suka yi wa dariya shekara bakwai da suka wuce. Wani ya ce ya taɓa ganin irinsa a garin Uba, wurin mai ɗaukar hoto. Garbai ya shiga mota da asuba. Mai hoton ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ciro kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Tsawa ta ƙone ta tun bara. Garbai ya taho da furosesan duk da haka, Vandi ya gwada, shiru.

Zahra ta ce za ta nemo a Kano, ko ta sayi sabon bod gaba ɗaya. Aka ce mata sai an yi odarsa, mako biyu.

Ranar da wa'adi ya cika, Garbai ya sa farar riga ya zauna yana jiran Sumayyat, ya shirya abin da zai gaya mata. Direban makarantar ne ya zo. Ya ce Hajiya tana gaisuwa, ta ce a ba shi filash ɗinta, da hatimin makaranta da ke wurin Baba. Garbai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko hatimin, wanda Alhaji Tsoho ya damƙa masa da hannunsa, ya goge shi da gefen riga ya ba da.

"Ka ce mata na gode."

Daga ƙofarsa ana hango shagon Lawali. A makon nan ya ga malaman makarantar suna shiga da fita, ya kuma ga wasu iyaye da ya sani sun fara yawan bi ta wurin da yamma. Da wani maƙwabci ya zo yana raɗa masa abin da ake faɗa a gari game da jarrabawar bana, sai ya tambaye shi lafiyar gida.

Bai daina buɗe shago ba. Ya sauko da tsohuwar tafireta ta wani abokinsa da ya rasu, ya ɗora a tebur, wani lokaci a sami mai takardar haya ko ta sayar da fili. Kwamfutar na gefe an rufe ta da zane. Yagana ta lura ya rage cin abinci, ta kuma lura da wani abu. Da ƙaninta ya aiko masa da sabon takalmi, magariba ta yi, ta wuce, tsohon yana nan a bakin ƙofa. Ta ɗauka za ta fitar, ya ce, "Bar shi." Ba ta sake taɓa shi ba.

Sai bayan kaka Vandi ya shigo da gudu, da wani abu a ƙunshe cikin hankici. Wani fasto ne a Michika yake da irin kwamfutar, ya yarda ya ba da aron furosesansa. Vandi ya cire sabon ya mayar cikin gwangwanin alewa, ya sa na aron, ya ja da baya.

"Baba, kunna da hannu naka."

Garbai ya ɗora tafinsa, ya danna. Kukan ya zo, guda ɗaya, gajere. Ya daɗe bai janye hannun ba.

"Yanzu sai bayos," in ji Vandi, yana zaro filash. "Amma ka sani, in wuta ya ɗauke a tsakiya, bod ya mutu ke nan har abada. Mu kai shago nawa, ina da sola."

"Bari tukuna."

"Baba, minti goma ne."

"Na ji. Yau jikina ba daɗi. Gobe."

Gobe ya ce akwai hadari, kada ruwa ya taɓa ta a hanya, alhali damina ta wuce. Jibi ya ce Juma'a ce. Vandi ya ce zai kawo batir nan shagon, Garbai ya ce kada ya wahalar da kansa. Zangon karatu na biyu yana matsowa, Vandi ya ce in an gama shi da kansa zai raka shi Wuro Patuji su gaya wa Hajiya kwamfuta ta tashi. Garbai ya dube shi.

"In mun gaya mata, sai ta ce me?"

Tun daga ranar Vandi ya rage matsa masa.

Haka suka yi mako shida. Kullum da safe Garbai zai ɗora hannu, ya kunna, ya ji kukan, ya rataye hula. Ba ya buga komai a kanta. Takan yi ta aiki ita kaɗai har azahar, shi yana zaune yana kallon titi. Sau ɗaya motar makarantar ta wuce, Sumayyat na baya, ta ɗaga masa hannu ta cikin gilashi. Ya miƙe tsaye ya amsa, motar ta riga ta sha kwana.

Zazzaɓin da ya kwantar da shi bai yi kama da na tafiya ba. Ranar Litinin da Vandi ya je duba shi a gida, Garbai ya ce masa, "In na tashi, mu yi abin nan naka na minti goma. Kayan mutane ne, a mayar wa fasto abinsa." Ranar Alhamis aka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai Yagana ta ba Vandi makullin shago. Ya tarar da komai yadda aka bari. Murfin akwatin na jingine da bango, notinsa huɗu a cikin murfin gwangwani. Filash ɗin bayos da Vandi ya bar masa na soke a gaba, Garbai ne ya soke shi da kansa, ba a san yaushe ba. Sabon furosesan Zahra na kwance cikin auduga, ko sau ɗaya bai yi aiki ba. A gefensa ga wancan na Kolere mai kankararren ciki, an naɗe shi da kyau a takarda.

Akwai wuta a ranar. Vandi ya tsaya yana kallon makunnin, sannan ya ja zanen ya rufe ta, ya kulle ƙofa. Har yanzu fasto bai aiko neman kayansa ba, shi ma bai koma ya ciro ba.